Yadda ake aiki da na'urar riƙe gudu a jirgin jan masu zamiya a kan ruwa

Jama'a wannan bayanin na direbobin jirgin ruwa ne, irin jiragen nan masu gudu da ake ɗaura wa igiya a baya su ja mutum yana zamiya a saman ruwa, ko dai a kan dogon katako da ake ce wa siki, ko a kan allo mai faɗi da ake ce wa wekbod. Na san wani zai ce mu a Kaduna ina muka ga wannan. Gaskiya ba su da yawa a nan, amma samarinmu suna tafiya Legas da Abuja neman abinci, wasu har ƙasashen Larabawa, kuma tuƙa jirgin shaƙatawa aiki ne da ake biya, sannan makaniken da ke Panteka ko Kurmin Mashi ba ya sanin ranar da wani oga zai jawo masa irin jirgin nan a tirela ya ce a duba. To duk wanda zai zauna a kujerar direba alhali akwai ɗan mutum riƙe da igiya a bayansa, ya kamata ya san na'urar riƙe gudu ciki da waje.

Aikinta kamar na kurus ɗin mota ne, ka saita mata gudu ita kuma ta riƙe, sai dai a ruwa abin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Mutumin da ke bayan jirgi ba tsaye yake kurum ba, yana yankawa dama yana yankawa hagu, kuma duk lokacin da ya kwanta a jikin igiya ya ja da ƙarfi sai jirgin ya ɗan sare, in ya saki kuma jirgin ya ƙwace gaba. Ƙato mai kilo 90 da ya iya wasan zai iya rage wa jirgi gudu yadda kowa a ciki zai ji a jikinsa. Hannun direba komai ƙwarewarsa yana makara, sai ya ji jirgi ya sare sannan ya ƙara totur, kafin injin ya amsa mai zamiyar ya riga ya saki, sai gudu ya yi yawa daidai lokacin da bawan Allah ke shirin juyawa. Na'urar tana gyara totur sau da yawa a cikin sakan ɗaya, shi ne duk amfaninta.

Fara da sanin wace iri ce a jirgin

Sunaye biyu za ka fi cin karo da su, PerfectPass ta ƙasar Kanada da kuma Zero Off ta Amurka. Jiragen da aka ƙera domin wannan wasa, irin su MasterCraft da Malibu da Nautique, sababbinsu da na'urar suke fitowa daga kamfani a haɗe cikin sikirin ɗin gaban direba. Mercury ma suna da tasu da suke kira Smart Tow a wasu injinansu. Amma sunan ba shi ne abin dubawa na farko ba, tambayoyi biyu ne: da me take auna gudu, kuma da me take taɓa totur.

Wajen auna gudu, tsofaffin suna amfani da wata 'yar ƙaramar taya mai fukafukai da ke maƙale a ƙarƙashin jirgi, ruwa yana juya ta ita kuma tana ƙirga juyin, wasu kuma juyin injin suke bi. Sababbin da GPS suke aiki, wato tauraron ɗan Adam, ita Zero Off har da wani ɗan ma'auni a ciki mai jin fizga da sassautawar jirgi nan take.

Wajen totur kuma, in jirgin tsoho ne mai kebul, za ka buɗe murfin inji ka ga wata 'yar mota ta lantarki da ake ce wa sabo an haɗa ta da kebul ɗin totur, ita ke ja tana saki. In sabon jirgi ne babu kebul ɗin ma sam, hannun totur saƙo kawai yake aika wa kwamfutar inji, na'urar kuma da kwamfutar take magana kai tsaye. Zero Off sai a irin wannan injin take aiki, saboda haka in wani ya ce zai saka maka ita a tsohon jirgi mai kafireto kar ka biya kuɗi, PerfectPass ce ta dace da wannan.

Kafin a taɓa ruwa

Ka kunna makulli tun jirgi yana bakin gaɓa, giya a firi, ka jira sikirin ya gama tashi. In mai GPS ce ka ba ta lokaci ta kama tauraro, musamman in jirgin ya daɗe a ajiye ko an ɗauko shi daga wani gari, takan ɗan jima. Kar ka ja mutum alhali ba ta kama ba. In mai sabo ce ka saurara, da ka murɗa makulli za ka ji 'yar motar ta motsa tana tattare sakin kebul, in ba ka ji komai ba ka buɗe ka duba tun yanzu.

Sai abin da nake roƙon kowa da Allah ya duba da idonsa, ma'aunin da sikirin ke nunawa. Yawancin jiragen nan daga Amurka suke zuwa kuma da mil suke lissafi, za ka ga an rubuta MPH a gefen lambar, mu kuma kanmu ya saba da kilomita. Mil 1 kilomita 1.6 ne. Kenan in ka sa 30 kana zaton kilomita 30 a awa ne alhali mil ne, kana jan mutum a kilomita 48, kuma faɗuwa a wannan gudun ga ɗan koyo ba wasa ba ne, ruwa yakan tashi daga laushi ya koma abin da ke fasa dodon kunne da gurɗe ƙafa. Akwai wurin canza ma'aunin a cikin saitin, ka canza shi sau ɗaya ka bar shi a haka, kuma duk wanda zai karɓi tuƙi ka gaya masa.

Bayan haka ka zaɓi irin wasan, domin na'urar tana da yanayi daban na silalom (wato kewaya ƙwallayen alama a kan siki ɗaya), na wekbod, na hawa tudun ruwan da jirgi ke bari a baya ba igiya, da sauransu, kuma kowanne yadda take amsa fizga daban ne.

Gudu nawa za a sa

Nan ne direbobi da yawa ke cutar mutane ba da niyya ba, suna ganin gudu shi ne daɗin abin. Ɗan koyon wekbod babba ka fara masa tsakanin kilomita 24 zuwa 28 a awa, yaro ƙarami ƙasa da haka sosai, wani yaron 16 zuwa 20 ya ishe shi tunda ba shi da nauyi allon zai ɗauke shi. Waɗanda suka iya su ne ke kaiwa 32 zuwa 38, saboda a nan tudun ruwan da jirgi ke bari a baya yake yin tsabta ya yi tauri yadda za su taka su tashi sama. Mai siki biyu ɗan koyo kusan 30 zuwa 36 gwargwadon nauyinsa. Mai hawa tudun ruwa dab da bayan jirgi kuwa 16 zuwa 19 ne kawai, kuma wannan wasan sai a jirgin da farfelarsa ke can ƙarƙashin ciki, ba a yin sa a bayan jirgi mai injin ratayawa irin Yamaha ɗin da ke jikin jiragen faiba namu, farfelar tana waje kuma mutum yana faɗowa gaba ne. Ba a yi. Ko oga ne ya ce a yi ka ba shi haƙuri.

Silalom na gasa shi lissafinsa a rubuce yake a dokokin hukumar wasan ta duniya, IWWF. Filin tsawonsa mita 259, da ƙwallayen alama shida da mai zamiya zai kewaye, kowacce tana nisan mita 11.5 daga layin da jirgi ke bi. Gudu yana hawa da uku-uku, 46, 49, 52, 55, 58, ƙarshen na manyan maza 58, na mata 55. A gudun 58 jirgi ya kamata ya ratsa filin cikin sakan 16.08, a 55 kuma 16.95, kuma ɗan kuskuren da ake yafewa bai taka kara ya karya ba. In mutum ya kai ƙarshen gudu sai a fara rage igiya daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, zuwa 13, haka dai. Kun ga dalilin da ya sa aka ƙirƙiro na'urar tun farko, ba hannun da zai riƙe irin wannan daidaito alhali ƙato yana fizgar jirgi sau shida.

Ni dai shawarata kullum ka fara da ƙasa. Ƙara gudu da maɓalli abu ne na sakan ɗaya, amma wanda ya sha mugun faɗuwa a karon farko da wuya ya sake yarda ya kama igiya.

Yadda ake tashi

Mutane uku ne mafi ƙaranci: direba, mai zamiya, da mai lura wanda zai zauna yana fuskantar baya idonsa a kan mai zamiya. Direba gaba yake kallo. Mai zamiya ya sa rigar ceto wadda ta kama jikinsa, kai kuma ka maƙala igiyar kashe inji a hannunka ko a rigarka.

Na'ura a kunne, gudu a saite, sai ka sa giya ka tafi a hankali har igiya ta miƙe, babu saki ko kaɗan. Mai zamiya ya ba da murya ya shirya. Daga nan kai ne za ka tura totur da hannunka, na'urar ba ta fara aiki ba tukuna, fitar da mutum daga ruwa aikinka ne sai dai in jirgin yana da tsarin tashi na kansa irin na Smart Tow. Mai wekbod a hankali ake tura masa, allon faɗi gare shi da kansa yake hawowa, in ka fizge shi igiyar za ta ƙwace ko ya kife ta fuska. Mai siki ɗaya mai nauyi kuwa yana son ƙarfi sosai tun daga farko in ba haka ba zai yi ta shan ruwa. Ka ci gaba da turawa sumul ba tsayawa har jirgi ya kai lambar da ka sa, a nan yawancinsu za su yi ƙara ɗan tsit, alamar ta karɓa.

To ga wurin da mutane suka fi ruɗewa, ku karanta da kyau. Na'urar ba ta iya ba inji fiye da abin da hannun totur ya ba ta dama. Ragewa take yi daga abin da ka bayar. Saboda haka bayan ta karɓa sai ka ƙara tura hannun gaba kaɗan, ka ba ta rara, yadda in mai zamiya ya ja ko an shiga kwana za ta samu abin da za ta ƙara. Za ka tura amma jirgin ba zai ƙara gudu ba, haka ake so. In ba ka ba ta rarar ba za ka ga gudu yana faɗuwa duk lokacin da aka ja igiya, sai ka ce na'urar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, kuma da yawansu suna nuna alama a sikirin cewa a ƙara totur. Amma a mai kebul kar ka danne hannun har ƙarshe, domin in na'urar ta mutu ko wani ya kashe ta da kuskure, duk totur ɗin da ka tura zai iya faɗa wa injin lokaci guda. Wannan ne ma ya sa ba a kashe ta da maɓalli ana cikin gudu, ka fara jan totur baya tukuna.

Kuma kar ka wuce lambar da yawa wajen tashi. In ka sa 30 ka taho da ƙarfi har 36 sannan ta karɓa, za ta sare inji ta dawo da shi, igiya ta yi saki, mai zamiya ya nutse sannan a sake fizgarsa. Ka iso lambar a natse.

Hannunka na dama ba ya barin totur. Jan shi baya shi ne birkinka, da ka ja na'urar ta saki nan take.

Matsalar kogi

Wannan shi ne ya fi shafarmu kuma littafin da ke zuwa da jirgi bai cika damuwa da shi ba, saboda su a tafki suke wasansu inda ruwa yake kwance. GPS gudun jirgi a kan doron ƙasa yake aunawa, bai san ruwa yana tafiya ba. Mai zamiya kuwa gudun ruwan da ke wucewa ƙarƙashin allonsa yake ji. A ruwa kwantacce irin tafkin Jabi na Abuja ko dam, lambobin biyu ɗaya suke. A kogi sun rabu.

Mu ɗauki misali. Ka sa 30, ruwa kuma yana gangarawa da kilomita 4 a awa. In kana haurawa kana fuskantar ruwa, na'urar za ta dage sai ta yi 30 a ƙasa, kenan a kan ruwa 34 kake yi. Da ka juyo kana bin ruwa, 26 kake yi. Tazarar 8 kenan tsakanin zuwa da dawowa alhali sikirin bai motsa daga 30 ba, mai zamiya zai ce maka an ƙara gudu kai kuma ka rantse ba ka taɓa komai ba, kuma duk ku biyun gaskiya kuka faɗa. Tudun ruwan ma canzawa zai yi, a hawa ya kwanta ya yi tauri, a gangara ya yi kumfa ya ruguje.

Maganin ba wuya. Kafin a fara ka je tsakiyar inda za a yi wasan, ka sa giya a firi ka bar ruwa ya tafi da jirgin, lambar da GPS ya nuna ita ce gudun ruwan kusan-kusan in dai ba iska mai ƙarfi. In za ka haura ka cire wannan lambar daga saiti, in za ka gangara ka ƙara ta. A misalinmu 26 a hawa, 34 a gangara. Ka canza a lokacin juyawa. In jirgin yana da 'yar tayar nan ta ƙasa tare da GPS kuma ana iya zaɓa, a kogi ka zaɓi tayar, ita gudun ruwa take aunawa kai tsaye. Wasu sababbin ma suna da yanayin kogi a cikin saiti, ka shigar da ƙarfin ruwa ka riƙa danna hawa ko gangara. Masu aiki a Legas ku kuma ku sani ruwan lagun yana shiga yana fita da cikar teku, abin da ka auna da safe ba shi ne na la'asar ba, wani lokacin ma ya juya gaba ɗaya.

Amma tunda maganar Kogin Kaduna ta zo bari in faɗi ra'ayina a fili. Duk wanda ya tsaya a gadar da ke wajen sitadiyam ko ta bayan Gamji da rani ya ga duwatsun da ke shimfiɗe a cikinsa, da damina kuma wajen Agusta da Satumba ruwan ya rufe su ya yi ja ya taho da itace da shara. Duwatsun suna nan ba inda suka je. Na'urar riƙe gudu ba ta ganin dutse, ba ta ganin komar masunci, ba ta ganin kwale-kwalen masu ɗiban yashi ko yaran da ke wanka a gefe, lamba kawai ta sani kuma za ta kai ka kan dutsen a daidai gudun da ka sa mata. Ni ba zan ja mutum a wurin da ban fara bi a hankali na san zurfinsa ba, kuma ba zan yi ba sai na tambayi masuntan wurin, su suka san ƙasan ruwan. Ruwan dam ya fi dacewa da wannan wasa, shi ma akwai kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye, kuma sai da izinin masu kula da wurin, sannan a tambayi halin tsaron hanya kafin a kama tafiya.

Kwana, da lokacin da mutum ya faɗi

A kwana jirgi yana sarewa, na'urar kuma za ta ƙara wuta don ta riƙe lambarta, za ka ji inji ya ɗaga murya. A faffaɗar kwana ba komai. A matsattsiya akwai haɗari, domin mai zamiyar da ya fita ta wajen kwanar igiya tana wurga shi da gudun da ya fi na jirgin nesa, ga inji kuma yana ƙara turawa. In wuri ya matse ka karɓi totur da hannunka ka gama kwanar sannan ka mayar mata.

In mai lura ya ce ya faɗi, ja totur baya gaba ɗaya kana miƙe, kar ka yi irin juyin nan na burga da gudu, yana tayar da ruwa ya lalata filin kuma igiya tana iya naɗe mutum. Ka bari tudun ruwanka ya wuce, ka juya a hankali, ka nufo shi ta gefen da kake zaune yadda ba zai ɓace maka ba ko na sakan ɗaya. In zai hau jirgi ka kashe inji ɗungurungum, firi bai isa ba. Kuma kar a bar kowa ya rataya a dandamalin baya inji yana aiki, hayaƙin salansa yana taruwa a wurin, gubar da ke cikinsa ba ta da wari kuma tana sumar da mutum cikin ruwa.

Ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun a gaɓa: babban yatsa sama a ƙara, ƙasa a rage, hannu ya gitta wuya a tsaya, dafa kai a koma gaɓa, wanda ya faɗi kuma ya haɗa hannu biyu a saman kai alamar lafiya lau. In aka ce a ƙara, danna maɓalli sau ɗaya ko biyu, ka jira ka ga fuskarsa ta bakin mai lura, ba ka yi ta dannawa ba.

Haruffan Zero Off

Masu silalom za su ce maka sa min B2 ko C1, kar ka tsaya kallonsu. Harafin yana nuna yaushe inji zai amsa in an ja igiya, A yana ɗan jinkiri, C yana amsawa da wuri, B tsakiya. Lambar kuma ƙarfin amsawar, 1 da taushi, 3 da tauri. Gudun da lokacin ratsa fili duk ɗaya ne, yadda jan yake zuwa hannu ne ya bambanta. Wanda bai san nasa ba ka sa masa B2. Tsohuwar PerfectPass mai bin juyin inji kuwa sai ka shigar mata da nauyin mai zamiya da nauyin mutanen cikin jirgi, in mutum biyu suka sauka ko suka hau ba ka gyara ba lissafinta ya tashi.

In gudu yana hawa yana sauka

Kafin ka zargi na'ura ka kashe ta ka tuƙa da hannu a ruwa kwantacce. In injin da kansa yana shaƙewa to matsalar mai ce ko filta ko fulogi, kuma mu da muke sayen fetur a jarka mu kai bakin ruwa, datti da ruwa a cikin mai ba baƙon abu ba ne. Na'ura ba ta gyara injin da ba shi da lafiya, tona masa asiri ma take yi.

In inji lafiya, sai ka bi ta kan wuta. Batir mai rauni, kan batir da ya yi tsatsa, wayar as da ta saki, duk suna sa sabo ya rikice ko sikirin ya riƙa mutuwa yana tashi. Makanikai dan Allah kar a yanke waya a murɗe da hannu a naɗe da salatif kamar yadda ake wa wasu motocin, a jirgi danshi zai cinye wurin cikin ɗan lokaci, a yi haɗi mai kyau a rufe shi ruf. Daga nan ka duba kebul ɗin totur yana tafiya sumul, bai lanƙwashe ba bai goga da komai ba, sifirin ɗin da ke mayar da totur kuma yana da ƙarfinsa. Mai 'yar taya a ƙasa, leda ɗaya ko ciyawar ruwa ko laka ta isa ta tsayar da ita, in ta tsaya kuma na'urar za ta zaci jirgi ba ya gudu ta ƙara wuta, saboda haka ka juya ta da yatsa kafin a saka jirgi a ruwa ka ga tana juyawa sakat. Mai GPS kuma ka tabbata ba a ɗora wani ƙarfe ko kaya a kan eriyarta ba, kuma a ƙarƙashin gada tana iya ɗan rasa tauraro.

Akwai kuma nauyi. Masu wekbod suna cika tankuna da buhunan ruwa a cikin jirgi don tudun baya ya girma, wani jirgin yana ɗaukar fiye da tan guda, ga kuma abokai an cika kujeru. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, ga zafin Maris da Afrilu da ke ƙara rage masa numfashi. Jirgin da ke tashi cak a Legas da kaya iri ɗaya zai iya yin nauyin jiki a nan. In ka ga totur ya kusa ƙarewa kuma lambar ba ta zauna ba, ka rage ruwan tankunan ko ka rage mutane, in kuma abin na dindindin ne a canza farfela zuwa mai ƙaramin taku, tana rage gudun ƙarshe amma tana ƙara ƙarfin ja. A tsakanin 16 zuwa 24 ma jiragen da yawa suna wahalar zama daram saboda a nan ne suke tsakanin nutso da hawa saman ruwa, in ka matsar da mutum ɗaya ko biyu zuwa gaban jirgi sau da yawa sai ka ga ya daidaita.

Cikin saitin PerfectPass akwai lambobin da ke ƙara mata zafin amsawa, irin wadda ake kira KDW. Kar ka taɓa su sai ka gama duba duk abubuwan da na lissafa, in za ka taɓa kuma ka ɗauki hoton lambar asali da waya, ka canza ɗaya kawai, kaɗan, ka gwada ba kowa a igiya.

Wanda jirginsa ba shi da na'urar kwata-kwata, kamar yawancin masu injin ratayawa, ya sauke manhajar auna gudu a waya ya sa ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ya nemo juyin injin da ke ba shi gudun da yake so a agogon inji, ya sa alama a wurin da ɗan salatif, ya riƙa tuƙi da wannan alamar da kunnensa. Da wannan wayar ce kuma za ka gwada gaskiyar 'yar tayar ƙasa: ka yi tafiya ɗaya ka dawo ta hanya ɗaya a gudu ɗaya, ka haɗa lambobin biyu ka raba biyu, in ya saɓa da abin da sikirin ke nunawa ka gyara a wurin daidaita ma'auni.